Kurakuran da aka fi yi wajen kwaikwayon girman bishiyar 'ya'yan itace a kwamfuta, da yadda ake gyara su

Ranar da mutum ya fara ganin bishiya tana girma a sikirin ɗin kwamfutarsa, reshe na fitowa, ganye na buɗewa, 'ya'ya na kumbura, wallahi akwai wani daɗi da ke kama shi, kuma daga wannan daɗin ne kuskuren farko yake shigowa, don sai ya ɗauka tunda hoton ya yi kama da bishiya to lissafin da ke ƙarƙashinsa ma daidai ne. Ba haka abin yake ba 'yan uwa. Dabarar zana rassan nan tsohuwa ce, tun 1968 wani masanin halittu ɗan asalin Hangari mai suna Aristid Lindenmayer ya fito da tsarin da ake kira L-system, wato 'yan ƙa'idoji kaɗan da ake ta maimaitawa har su haifar da siffar tsiro, daga baya Przemyslaw Prusinkiewicz na jami'ar Kalgari a Kanada ya mayar da shi kayan aiki na sosai a kwamfuta. Da wannan tsarin za ka iya zana bishiya kyakkyawa wadda ba ta san rana ba, ba ta san ruwa ba. Maganin abin shi ne ka rufe hoton tukuna ka buɗe lambobi, ka tara kabon, wato sinadarin da ke cikin abincin da ganye suka haɗa a yini, ka cire wanda aka ƙona wajen numfashi, ka cire wanda ya shiga ginin reshe da saiwa da 'ya'ya da wanda aka ajiye. Ya kamata a tashi ba saura ba bashi. In ka ga akwai kabon da ya ɓace ko wanda ya faɗo daga sama, to modal ɗin, wato tsarin lissafin da ke kwaikwayon bishiyar, yana yoyo, kuma duk abin da ya faɗa maka bayan nan ba abin dogaro ba ne.

Amma babban kuskuren, wanda ni a ganina shi ne uwar sauran, shi ne ɗaukar bishiya kamar masara ko alkama. Yawancin masu shigowa wannan fanni sun fara ne da modal na amfanin gona mai kaka ɗaya, a shuka, ya girma, a girbe, shi ke nan a share allo. Bishiya ba ta share allo. Abin da ya same ta bara yana jikinta bana. Ku duba fich da almon, itatuwan da ke zubar da ganye da hunturu, suna yin fure ne tun ganye bai gama fitowa ba, to da me suke ciyar da furen da ƙananan 'ya'yan? Da sitacin da suka tara a saiwa da gangar jiki da rassa tun kakar da ta wuce. Kuma idon furen da ya buɗe bana tun bara aka ƙirƙire shi, a daidai lokacin da bishiyar take ɗauke da 'ya'yan bara suna ta zuƙar abinci. Shi ya sa tuffa da fistashiyo da zaitun da mangwaro suke da halin nan na shekara guda su cika maƙil, shekara mai zuwa su yi ƙarmas. Wanda ya fara lissafi daga ranar fure da rumbun sitaci babu komai a ciki, ko ya zuba wata lamba da ka, ba zai taɓa ganin wannan hawa da saukar ba, sai ya ce ai yanayi ne ya jawo. Gyaran a nan kashi biyu ne. Na farko a auna sitaci da sukarin da ke cikin saiwa da rassa lokacin da bishiya take barcin hunturu, a fara da wannan. Na biyu a bar modal ɗin ya yi gudun shekaru da yawa a jere, rumbun ƙarshen bana ya zama na farkon baɗi, kuma a yi watsi da shekarun farko don lokacin bai daidaita ba. Sannan kar a mayar da rumbun kamar kwandon da ake zuba ragowar abinci kawai, a bishiya ta gaske ajiya ma tana takara da sauran gaɓoɓi wajen neman rabonta.

Wannan ya kawo mu maganar rabo. Sau da yawa za ka buɗe kod ɗin wani, wato umarnin da ya rubuta wa kwamfuta, ka tarar ya rubuta kashi kaza ga 'ya'ya, kashi kaza ga ganye, kashi kaza ga saiwa, an kafe lambobin tun daga farkon kaka har ƙarshe. Yana da sauƙin rubutawa amma da zarar an rage 'ya'ya ko an datse rassa sai lissafin ya watse, don bishiya ba ta da wani ofishi a tsakiya da ke raba abinci da ma'auni. Kowace gaɓa tana ja ne gwargwadon ƙarfin girman da take da shi a wannan lokacin, da kuma kusancinta da ganyen da ke haɗa abincin. Wannan ne tunanin da Ted DeJong na jami'ar Kalifoniya a Davis ya gina aikinsa a kai, shi da Yaffa Grossman suka fitar da modal mai suna PEACH a 1994, daga baya a 2005 aka fito da L-PEACH wanda ya haɗa wannan lissafin da siffar rassa, inda ake kwatanta tafiyar sukari a jikin bishiya da tafiyar wutar lantarki a waya. In za ka bi wannan hanyar kana buƙatar sanin iyakar girman da ɗan itace guda zai iya kaiwa in babu mai takara da shi, kuma ana samun wannan ne daga bishiyoyin da aka tsinke wa 'ya'ya sosai tun da wuri. A nan ma ana zamewa, sai mutum ya auna 'ya'yan bishiyar da ke ɗauke da kaya niƙi-niƙi ya ce wannan shi ne iyakar girman, alhali 'ya'yan da yunwa suka girma. Wani abin lura kuma, girman da ɗan itace ya rasa a makonnin farko ba ya dawowa duka ko da an tsinke 'yan uwansa daga baya, to modal ɗin da yake nuna cewa ragi a makare da ragi da wuri duk ɗaya ne akwai gyara a cikinsa. Su kuma masu ƙwallo a ciki irin fich da ceri, girmansu hawa biyu ne, su taso da sauri, su ɗan lafa lokacin da ƙwallon ke yin tauri, sannan su sake zabura, layi mai hawa ɗaya ba zai kama su ba.

Sai maganar sanyi, wadda a nan ne na fi ganin mutane masu ƙoƙari suna faɗawa rami. Bishiyoyin ƙasashen sanyi sai sun tara wani adadi na sanyi kafin su farka daga barci su yi fure yadda ya kamata. Hanyoyin ƙidaya shi uku ne suka fi shahara. Akwai tsohuwar hanya ta ƙirga awannin da zafin iska yake tsakanin digiri 0 da 7.2 na ma'aunin Selshiyas, wadda aka fi danganta ta da aikin Weinberger na 1950. Akwai ta jihar Yuta da ke Amurka ta 1974 wadda take ba kowane zangon zafi makinsa har tana cire maki in rana ta yi zafi. Akwai kuma wadda Fishman da Erez da Couvillon suka fitar a 1987 a Isra'ila, ita tana ɗaukar abin mataki biyu ne, sanyi ya fara tara wani abu da zafi zai iya rushewa, in ya kai wani adadi sai ya zama kaso ɗaya da ba ya rushewa. Kuskuren shi ne a ɗauko buƙatar sanyin wani iri da aka auna da awanni a wuri mai tsananin hunturu a kai ta wuri mai ɗumi kamar yadda take, ko kuma a nemi wata lamba guda a ce da ita za a juya awanni su koma kaso. Babu irin wannan lambar da ke aiki ko'ina, dangantakar tana canzawa daga wuri zuwa wuri. A wurare masu ɗumi hanyar 1987 ta fi riƙe gaskiya, ta Yuta kuwa har ƙasa da sifili takan bayar.

Kuma don Allah kar a yi lissafin sanyi da matsakaicin zafin yini. A ce da dare ya sauka digiri 2, da rana ya kai 18, matsakaici 10 ke nan, kwamfuta za ta ce yau ba a samu sanyi ko na awa ɗaya ba, alhali bishiyar ta kwana cikinsa. Ana buƙatar bayanan awa-awa, in ba ka da su akwai hanyar ƙiyasta su daga mafi ƙasa da mafi sama na yini tare da lokacin fitowar rana da faɗuwarta, manhajar chillR da Eike Luedeling ya rubuta a yaren kwamfuta mai suna R tana yin wannan aikin. Ku kuma leƙa fayil ɗin yanayin da idonku kafin ku loda shi, na sha ganin inda na'ura ta tsaya aka cike gurbin da 0 ko da -99, modal ya haɗiye su a matsayin zafin gaske ya ci gaba da tafiya ba tare da ya yi ƙorafi ba. Mangwaro dai kar a saka masa wannan lissafin kwata-kwata, ba ya irin wancan barcin, furensa ya fi bin ɗan sanyin da ya samu da kuma shekarun tohon da zai ɗauki furen, kuma rassan bishiya ɗaya ba sa tohowa tare. Modal ɗin V-Mango da masu bincike na CIRAD, cibiyar binciken noma ta Faransa, suka gina da bayanan tsibirin Reyuniyon wannan rashin tafiya taren yake ƙoƙarin kamawa.

Ƙirga kwanaki a kalanda maimakon ƙirga zafi shi ma kuskure ne, amma gyaransa ba wuya. A fich an ga cewa zafin da ya taru cikin kwana 30 na farko bayan fure yana nuna lokacin girbi, in farkon kakar ya yi ɗumi 'ya'yan sukan nuna da wuri kuma sukan fito ƙanana, saboda agogon nunarsu ya yi gudu fiye da yadda bishiya za ta iya ciyar da su. Haka numfashi, a ƙiyasin da aka saba amfani da shi yana ninkawa kusan biyu duk ƙarin digiri 10, wanda ya bar shi a lamba ɗaya dare da rana zai ga ribar kabon da babu ita a dare mai zafi.

Haske ma sai an yi hattara. Lissafin Monsi da Saeki na 1953 da ake yawan amfani da shi ya ɗauka ganye shimfiɗe yake bai ɗaya kamar rufi, lambun itatuwa kuwa layi-layi ne da fili a tsakani, musamman in bishiyoyin ƙanana ne. Sannan ganyen waje da ke shan rana yana kaiwa inda ƙarin haske ba ya ƙara masa komai, na cikin inuwa kuma yana neman kowane ɗigo, in ka haɗa su ka ɗauki matsakaicin haske ka ba kowa za ka samu abinci fiye da wanda bishiyar take haɗawa. Ko ba ka da ƙarfin bin ganye ɗaya bayan ɗaya, raba su gida biyu, na rana da na inuwa.

Wani abin da ke rikita masu farawa shi ne ɗanyen nauyi da busasshen nauyi. Modal na kabon busasshe yake lissafawa, mai lambu kuwa ɗanye yake ɗorawa a sikeli, kuma mafi yawan nauyin fich ko tuffa ruwa ne. Bishiyar da ta sha ƙishi za ta iya ba da 'ya'ya ƙanana masu zaƙi alhali busasshen nauyinsu bai ragu sosai ba, to in ka yi amfani da lamba guda wajen juya wannan zuwa wancan za ka ɗora laifin ruwa a kan kabon. A auna duka biyun, kuma in ana son shigar da ƙishi cikin lissafi a auna matsin ruwan jikin bishiyar da tsakar rana, kar a tsaya ga damshin ƙasa kawai. A rubuta irin gindin da aka yi wa bishiyar aure a kansa, don iri ɗaya a kan gindi mai gajarta bishiya da a kan mai ƙarfi ba girma ɗaya suke yi ba.

Na bar maganar gwaji zuwa nan don ita ce ta fi damuna. Mutum ya yi ta murɗa lambobi har layin modal ya hau kan ɗigon bayanansa, sannan ya nuna wannan hoton ya ce ga shaida modal yana aiki. Wannan saiti ne kawai aka yi, ba a gwada komai ba tukuna, kamar ka ba ɗalibi amsa ne sannan ka yi masa jarrabawa da ita. In lambobin da ake murɗawa sun yi yawa, kuskure biyu za su iya rufa wa juna asiri, haɗa abinci ya yi yawa numfashi ma ya yi yawa, jimla ta fito daidai, sai an canza wuri ko shekara asirin ya tonu. Tun kafin a fara saiti a ware wasu shekaru ko wani lambu daban a ajiye, kar a taɓa su sai an gama, kuma a tabbatar akwai shekara mai zafi da shekarar da bishiya ta yi hutu a cikinsu. A duba abubuwan tsakiya ma, faɗin ganye, tsawon reshe, sitacin hunturu, kar a tsaya kan yawan girbi kaɗai. Sannan a ɗauki lambobin ɗaya bayan ɗaya a ɗaga kowace da kashi 10 a sauke ta da kashi 10 a ga wadda ke girgiza sakamako, waɗannan su ne za a fita lambu a auno da hannu a kan irin da ake aiki da shi, sauran da ba sa motsa komai a iya barinsu yadda aka aro su.