Yadda Ake Shirya Taron Keɓewa na Kwanaki ga Shugabannin Kamfani

Idan aka ɗora wa mutum nauyin shirya taron keɓewa na shugabannin kamfani, abin da yakan fara yi shi ne neman masauki: ya duba hotuna, ya tambayi kuɗin ɗakuna, ya kwatanta wannan wuri da wancan. A ganina tun daga nan ake fara ɓata aikin, domin akwai tambayar da ta riga zancen wuri, wadda ya kamata a zaunar da shugaban kamfani a yi masa ita ido da ido. Waɗanne shawarwari ne suka gagara yankuwa a ofis, har ake ganin sai an kwashe manyan ma'aikata daga teburansu na kwana biyu ko uku? Idan amsar ta zo a dunƙule, kamar a ce ana son ƙarfafa zumunci ko duba makomar kamfani, to a ci gaba da tambaya har sai an samu maganar da za ta rubutu a layi ɗaya: ko za a rufe sashen da ke jawo asara, ko za a shiga sabuwar kasuwa a shekara mai zuwa, ko wa zai gaji babban darakta idan ya sauka. Batutuwa biyu ko uku irin waɗannan sun ishi taron kwana uku. In babu su, taron shan shayi za a yi, mai tsadar gaske kuwa, domin kuɗin masauki da sufuri ƙarami ne idan aka kwatanta shi da lokacin mutanen da ke riƙe da ragamar kamfanin.

Daga batutuwan nan ake gane waɗanda za a gayyata. Ma'aunin shi ne mutum ya kasance yana da ikon yanke shawarar, ko kuma shi zai ɗauki nauyin aiwatar da ita. Wanda bai shiga ɗaya daga cikin biyun nan ba, komai girman muƙaminsa, ya fi kyau a yi masa bayani cikin mutunci tun da wuri a kan dalilin da ya sa ba a saka shi ba, maimakon a cika ɗaki don gudun ɓacin rai. Lissafi ma yana goyon bayan haka: tsakanin mutum 10 akwai hanyoyin magana 45 idan aka ƙirga su bibbiyu, amma da zarar sun kai 20 hanyoyin sun zama 190. Ɗakin da ya cika haka yakan koma wurin jawabi, mutum uku ko huɗu su yi ta magana, sauran su zama 'yan kallo. Idan dole ne adadin ya yi yawa, sai a tanadi ƙananan ɗakuna inda za a riƙa rarrabuwa rukuni-rukuni, a dawo zaure da abin da aka cimma.

Abu na gaba, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne wanda zai jagoranci tattaunawar. Bai kamata shugaban kamfani ya riƙe wannan aiki da kansa ba, domin mutum ba ya zama alƙalin wasa alhali yana cikin 'yan wasa, kuma duk inda mai gida ya fara bayyana ra'ayinsa, na ƙasa da shi sukan zama 'yan amshi. A samo mai jagoranci daga waje, wanda ba ya neman ƙarin girma a kamfanin kuma ba ya tsoron a sallame shi. Aikinsa yana farawa makonni kafin ranar taro, inda zai gana da kowane mahalarci shi kaɗai, na kamar rabin sa'a, ya tambaye shi abin da ke damun kamfanin wanda ba a faɗa a gaban jama'a. Abin da ya tattaro, ba tare da sunan kowa ba, shi ne ainihin ajandar taron. Sau da yawa a nan ake gano cewa manajoji biyu sun daɗe suna zaman doya da manja, ko kuwa kowa ya san wani shiri ba zai yi nasara ba amma an rasa mai ƙarfin halin faɗa.

Wannan tsoron faɗar gaskiya abu ne da masana suka yi nazari a kansa. Amy Edmondson, malama a jami'ar Harvard, ta wallafa bincike a 1999 a kan yadda rukunin ma'aikata ke koyo da gyara kuskure idan kowa ya amince cewa ba za a wulaƙanta shi ba don ya yi tambaya ko ya amsa laifinsa. Daga baya kamfanin Google ya yi nazarin rukunonin ma'aikatansa, ya kuma tarar da cewa wannan kwanciyar hankali ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke bambanta rukunin da ke aiki da kyau da wanda ba ya yi. Keɓantaccen wuri ba ya haifar da wannan amincin da kansa, amma yana ba shi damar tsirowa, kuma wannan ne dalilin biyan kuɗinsa.

Sai yanzu ake zuwa ga maganar wuri. Misalin da ya fi fitowa fili na amfanin keɓewa shi ne zaman Camp David na watan Satumba 1978, lokacin da shugaban Amurka Jimmy Carter ya tara Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a wani masauki da ke cikin tsaunukan jihar Maryland har kwana 13, nesa da 'yan jarida, babu mai fita ya yi wa duniya jawabi a tsakiyar tattaunawa. Harkar kamfani ba ta kai wannan nauyi ba, amma darasin ɗaya ne: mutane sukan sassauta matsayinsu idan babu idon da ke kallonsu. Saboda haka tambaya ta farko ga masu masauki ita ce ko za a ba ku wurin gaba ɗaya, ko kuwa akwai wasu baƙi da za ku haɗu da su a wurin cin abinci da farfajiya. Idan akwai wani biki ko taro a ranakun, a nemi sanin nisansa da zaurenku. Nisan wurin daga ofis kuma a auna shi da hankali, ya yi nisan da ba mai cewa bari ya leƙa ofis ya dawo, amma kada tafiyar ta cinye yini guda har mutane su iso a gajiye.

Gani ya kori ji, don haka kada a sa hannu a kan komai sai an je wurin da ƙafa. A shiga zauren taro, a rufe ƙofa, a sa wani ya yi magana a ciki a tsaya a waje a ji ko sauti na fita. A duba ko akwai tagogi da hasken rana, domin wuni a ɗakin da ba taga yana kashe jiki. A zauna a kan kujerun na ɗan lokaci, a tambaya ko za a iya jera su a da'ira ko a siffar kofaton doki, yadda kowa zai ga fuskar kowa. A gwada intanet da majigi da makirufo, a tambayi abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke, a san asibiti mafi kusa da tsawon lokacin isa gare shi, a kuma tabbatar mai keken guragu ko mai ciwon ƙafa zai iya kaiwa ko'ina. Ɗakunan kwana su kasance kusan daidai da juna, kowa da nasa. Ƙaramin abu ne a ido, amma ranar da aka ba wasu manyan ɗakuna aka cusa wasu bibbiyu, an riga an faɗa wa kowa matsayinsa tun kafin a buɗe taro.

Yarjejeniyar da za a ƙulla da masu wurin tana bukatar a karanta ta layi-layi, in da hali tare da lauyan kamfani. A san nawa ne kafin alƙalami da ranar da za a cika sauran, da abin da za a mayar idan aka soke taron ko aka ɗage shi, domin yawanci abin da ake mayarwa yana raguwa ne yayin da ranar ke matsowa. A duba sharaɗin da ke cewa za ku biya kuɗin wani adadin ɗakuna ko da mutanenku sun ragu, da wanda ya shafi abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar ambaliya ko annoba ko rufe hanyoyi. Shekarar 2020 ta koya wa masu shirya taruka da yawa darajar wannan sharaɗi na ƙarshe. A nemi a rubuta haraji da kuɗin hidima da na kayan sauti a fili, kada su ɓullo a ranar biya, a kuma saka sharaɗin riƙe sirri ga ma'aikatan da za su riƙa shiga zauren. A kasafin kuɗi a ware wani kaso, kamar ɗaya bisa goma, don abin da ba a zata ba. Wurare masu kyau sukan cika da wuri, shi ya sa ya dace a fara nema watanni huɗu zuwa shida kafin lokaci, a kuma kauce wa makon rufe lissafin shekara da ranakun hutu da na ibada na mahalarta.

Game da jadawali, jarabar da ke kama mai shiri ita ce ya cika kowace sa'a don a ga an ci moriyar kuɗin da aka kashe. A guji wannan. Zama mai nauyi kada ya wuce minti 90 ba tare da hutu ba, kuma sa'o'i biyar ko shida na aikin ƙwaƙwalwa sun isa a yini. Rana ta farko a isa da rana, a huta, da yamma a zauna a amince da ƙa'idojin zaman, a kuma baje halin da kamfani yake ciki a faifai, yadda kowa zai kwana da hoto ɗaya a kansa. Rana ta biyu da safe, lokacin da hankali yake a tattare, a ɗauko batun da ya fi kowanne ɗaci. Kada a ajiye shi sai ƙarshe, domin idan muhawara ta yi zafi ana bukatar dare guda da za a kwana a kai, zukata su huce. Rana ta uku ta yanke shawara ce da rabon aiki, a tashi kafin la'asar.

Rahotannin sassa ba su da gurbi a wannan jadawali. A aika da su a rubuce mako guda kafin taro. Idan ana tsoron ba za a karanta ba, akwai dabarar da aka san kamfanin Amazon da ita, inda manyansa ke buɗe taro da karanta takardar bayani mai shafi shida a cikin shiru, kowa da kwafinsa, kafin wani ya ce uffan. Rabin sa'ar da aka kashe a haka ta fi sa'o'i uku na kallon majigi amfani.

Ƙa'idojin zaman kaɗan ne, amma a faɗe su a fili a daren farko. Wayoyi da kwamfutoci su zauna a waje ko a kashe, tare da lokuta biyu a yini na duba saƙonni, kuma kowane shugaba ya bar wakili a ofis mai ikon warware ƙananan matsaloli. Shugaban kamfani ya zama na ƙarshe wajen faɗin ra'ayi a kan kowane batu. Dangane da sirri, ana iya aro ƙa'idar da cibiyar Chatham House ta Landan ta kafa a 1927, wadda ta ba mahalarta damar amfani da abin da suka ji amma ta hana a bayyana wanda ya faɗa. Haka kuma a fayyace tun farko yadda za a yanke kowace shawara, ko da rinjaye, ko da amincewar kowa, ko kuwa shugaba ne zai yanke bayan ya saurara. Duk ukun suna da wurinsu, abin da ke ɓata zukata shi ne mutane su ɗauka ƙuri'arsu ake nema, daga baya su gane an riga an gama magana.

Akwai wata dabara da nake ganin ta cancanci sa'a guda a rana ta biyu, wadda masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya bayyana a 2007. Bayan an kusa amincewa da wani shiri, sai mai jagoranci ya ce kowa ya ɗauka shekara ta zagayo kuma shirin ya rushe gaba ɗaya, sannan kowa ya rubuta shi kaɗai dalilan da suka jawo rushewar. Amfaninta shi ne tana mayar da suka ta zama aikin da aka sa kowa, don haka wanda ke da shakku a ransa zai faɗe shi ba tare da an ɗauke shi mai adawa ba.

Lokacin da ba na zama ba shi ma aiki yake yi. Maganganun da suka fi warware ƙulli sukan faru ne a kan teburin abinci ko wajen tattaki da yamma, saboda haka a bar fili, a riƙa sauya wuraren zama wajen cin abinci. A tambayi kowa tun da wuri abin da ba ya ci saboda lafiya ko addini, a kuma ware lokaci da wuri na ibada. Wasannin motsa jiki da ake shiryawa don haɗa kai ba laifi ba ne, muddin ba a tilasta wa kowa ba kuma ba za su kunyata mai shekaru ko mai rauni ba. Sauran hidima, wato sufuri da rabon ɗakuna da kayan rubutu, a damƙa ta ga mutum ɗaya wanda ba ya cikin masu tattaunawa, ya kasance shi kaɗai ke magana da masu masauki.

Sa'o'i biyu na ƙarshe kada a bari komai ya taɓa su, ko da an makara a wasu wurare. A cikinsu ake rubuta kowace shawara a allo a gaban kowa, a gefenta sunan mutum ɗaya da zai ɗauki nauyinta, ba sunan sashe ko kwamiti ba, da ranar da za a ji sakamako. Abin da ba a cimma matsaya a kansa ba shi ma a rubuta shi, tare da lokacin da za a koma kansa. A kuma amince da abin da za a faɗa wa sauran ma'aikata, cikin kalmomi iri ɗaya, domin sun san shugabanninsu sun ɓace na kwanaki, kuma idan ba a yi musu bayani ba jita-jita za ta cike gurbin. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don haka takardar shawarwarin, wadda ba ta wuce shafi biyu ba, ta isa ga kowa cikin sa'o'i 48. Kafin a hau motocin komawa, kowa ya buɗe kalandarsa a tsayar da zaman bibiya biyu, ɗaya bayan kwana 30, ɗaya bayan kwana 90, kuma abu na farko a ajandar kowannensu shi ne a karanta takardar nan layi-layi, mai kowane aiki ya faɗi inda ya kai.