Kafin katafila ta shiga fili: yadda ake gane ko akwai kunkuru, kada ko kwaɗi a wurin aiki a jihar Tawa

Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta kafa ƙa'idojin binciken muhalli kafin a fara manyan ayyuka a Nijar, hukumar binciken muhalli ta ƙasa (BNEE) kuma ita ke duba rahoton. Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne dabbobi masu jan ciki da kwaɗi. Wanda ya zaga fili a watan Afrilu da tsakar rana zai rubuta cewa bai ga kome ba, alhali kunkuru na kwance cikin rami ƙarƙashin ƙafarsa. Don haka abin da ake aunawa shi ne yiwuwar zamansu a wurin.

A fara da hoton Google Earth, na damina da na rani. A zana da'ira ta kilomita 5 kewaye da filin, a sa alama a kan kowane tafki, kori, fadama da kududdufi. Idan ruwan filin na gangarawa zuwa tafkin Tabalak ko na Dan Dutsi, waɗanda ke cikin jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya tun 2005, a bi hanyar ruwan har can ko da ta wuce da'irar. A duba GBIF, rumbun intanet na wuraren da aka taɓa ganin dabbobi da tsirrai, amma rashin alama a taswirarsa galibi rashin masu bincike ne.

Daga nan sai mutane, ta hannun maigari: makiyaya, masunta, mafarauta da jami'an gandun daji. A tafi da hotuna, domin suna kaɗai na ruɗarwa. Wani zai ce kunkuru yana nufin kififiya ta ruwa, wani ya haɗa damo da guza. Tambayar ita ce: "Baba, yaushe rabonka da ganinsa, kuma a ina?" A tabbatar ba na gida ba ne, tunda akwai masu kiwon kunkuru a tsakar gida.

Babban kunkurun Sahel, Centrochelys sulcata, shi ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, domin ƙungiyar kare halittu ta duniya (IUCN) ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Yana son gefen kori da jigawa mai ciyawa da ƙananan itatuwa, kuma yana ƙauracewa inda shanu suka cinye ciyawa ƙarƙaf. Zafin rani a cikin rami yake wuce shi, sai ruwa ya sauka yake fitowa kiwo. Saboda haka a shiga fili tsakanin Yuli da Satumba, daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9. Mutum huɗu su jeru, mita 10 tsakanin kowane biyu, su taka a hankali suna leƙa gindin sabara da geza. Bakin raminsa kamar rabin ƙwarya ne a kife, ƙasa shimfiɗe, sama a lanƙwashe, faɗinsa ya fi tsayinsa. Na yanyawa ya fi kusa da zagaye. Sabuwar ƙasa a bakin rami, sawun ƙafafu biyu-biyu da shatar jan ƙirji a tsakiya, da kashi mai cike da zaren ciyawa, duk shaida ce mai ƙarfi. Yanar gizo a bakin rami da rani ba ta nuna cewa babu kowa a ciki. Kada a zura hannu, kasa da gamsheƙa na fakewa a irin waɗannan ramuka. A haska ciki da madubi, a ɗauki lambar GPS da hoto.

Kada kuwa da dare ake nemansa. A riƙe tocila daidai ido a haska saman ruwa, idonsa zai yi ja kamar garwashi.

Galibin kwaɗin Sahel ba sa cikin jerin masu ƙarewa, amma haihuwarsu ta rataya a kan ƴan kududdufan da aikin hanya ke cikewa a yini guda. Wasu a binne suke cikin yashi duk rani. A je daren da ya biyo ruwa mai ƙarfi, bayan isha'i, a tsaya shiru minti 10 a kowane ruwa, a naɗi kukan da waya, tunda kowane iri da muryarsa. Dare uku aƙalla, a makonni dabam-dabam. Da rana a sa ƙaramar koma a duba ƴaƴansu masu wutsiya.

A ƙarshe kowace dabba a ba ta matsayi na yiwuwar zamanta a wurin. Mai yawa: mazauni ya dace, kuma akwai rami, sawu ko shaidar gani ta kwanan nan. Matsakaici: mazauni ya dace amma babu alama, ko kuwa da rani kaɗai aka yi binciken. Kaɗan: fako ne ko tsakiyar gari, kuma an duba da damina. Inda matsayi ya kai matsakaici, a sake zaga filin ana gobe sharewa, a killace ramukan kunkuru, a kira jami'an gandun daji idan sai an ɗauke shi. Ramukan bututu da aka bari buɗe su ma tarko ne: a yi musu gangare a kowane ƙarshe, a leƙa su kowace safiya kafin rana ta yi zafi.