Yadda za ka zana inda fataucin Rumawa ya kai, da bik biyu kawai

Ƴan uwa ƴan lakwal da malamai na nan Damagaram, in kana son ka gane nisan da Rumawa suka yi a fatauci, to nemo taswirar duniya ko ka buɗe ta a waya ka kwafa a takarda, sai ka riƙe bik ja da shuɗi. Ja na inda ƙafarsu ta taka ne, shuɗi na inda kayansu suka kai ta hannun ƴan tsakiya. Don Allah kar ka haɗa su, nan ne mutane ke ruɗewa.

Fara da Masar. Ja layi ja daga tashoshin Bahar Maliya, Berenike da Miyos Hormos, har Muziris a kudancin Indiya, don jiragensu iskar damina suke bi su je su ɗauko masoro, Strabo ma, wani marubucin Girka na wancan zamanin, ya rubuta cewa jirgi 120 ke tashi daga Miyos Hormos duk shekara. Gaba da nan ka koma shuɗi, an tono lambobin zinariya na sarakunan Rum a Oc Eo ta Biyetnam, kuma littattafan Sin sun ambaci wasu baƙi da suka iso a shekarar 166 bayan haihuwar Annabi Isa suna cewa daga sarkin Rum suke. Kogin Nilu kuma ja ne har fadamun Sudan ta Kudu, inda mutanen sarki Nero suka tsaya.

Toh yanzu ka dawo wajenmu, wlh nan ne abin ya fi taɓa ni. Sa ɗigo a Leptis Magna bakin tekun Libiya, ka gangaro Garama cikin Fazzan, garin Garamantawa masu haƙa ramukan ruwa ƙarƙashin ƙasa suna noma tsakiyar hamada. Balbus, wani shugaban sojan Rumawa, ya kai musu yaƙi shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya kuma ciniki ya kankama, man zaitun da kayan gilashi na shiga. Sannan wani Yuliyus Maternus ya bi sarkinsu tafiyar wata 4 kudu har wata ƙasa Agisimba mai karkanda, masana na ta gardama ko wajen tafkin Chadi ne ko Ayar ko Tibesti, don haka wannan layin ka yi shi ɗigo-ɗigo kar ka cika shi. Abalessa kusa da Tamanrasset shuɗi ce, a kabarin Tin Hinan, sarauniyar da Buzayen yankin ke ɗauka kakarsu, an samu fitilar Rumawa.

Da ka gama ka ɗora hanyar ayarin kakanninmu a kai, Zinder zuwa Agadas zuwa Ghat har Tarabulus, ka ga yadda ta ratsa ƙasar Garamantawan nan. Amma kar zumuɗi ya sa ka ja layi ja har Birni ko Zango, tsaya inda shaida ta tsaya, kuma ka rubuta shekarar kowane layi a gefensa kafin ka nuna wa yara.