Kurakuran da aka fi yi wajen magance ƙarancin jini ga mai kumburin hanji

Ƙanwata ta shafe watanni muna ce mata raguwa kafin mu gane jini ne ya yi mata ƙaranci. Hawa bene ɗaya sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Da rana tsaka ta cika kofi da ƙanƙara tana tauna kamar mai cin gyaɗa, leɓɓanta sun koɗe, cikin idonta fari fat. A lokacin an riga an tabbatar tana da gyambon babban hanji, ɗaya daga cikin cututtuka biyu da likitoci ke haɗawa ƙarƙashin sunan kumburin hanji mai ɗorewa. Ɗayar ita ce cutar Kuron, wadda ke iya kama ko'ina daga baki har dubura. Hankalinmu duk ya tafi ga gudawa da murɗar ciki, muka ɗauki gajiyar a matsayin abin da dole mai wannan ciwo ya yi haƙuri da shi. Kuskurenmu na farko ke nan, kuma shi na fi gani a wajen jama'a.

Ƙarancin jini shi ne matsalar da ta fi yawan biyo bayan kumburin hanji, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan himoglobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza 13, mace 12, mai juna biyu 11. Ƙungiyar likitocin Turai masu kula da waɗannan cututtuka ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa a riƙa gwada jinin mai ciwon duk wata uku idan ciwon na tashe, idan ya lafa kuma duk wata shida zuwa shekara. Mu kuwa sai da ta kusa faɗuwa a kasuwa muka je.

Da yawa ma tun kafin a kai nan ake ɓata hanya. A ƙasarmu duk jinin da aka gani a bayan gida sunansa basir, ko atuni, sai a kama jiƙe-jiƙe. Atuni na gaske akwai shi, tsutsar ciki ma na shan jini, tarin fuka na hanji kuma yana kama da cutar Kuron ƙwarai. Shi ya sa jinin da ya yi makonni yana fita tare da majina da rama ke buƙatar gwajin bayan gida da leƙa hanji da na'ura, ba canza mai magani ba.

Inda na fi son a tsaya a fahimta shi ne wajen gwaji. Yawancinmu gwajin PCV, mai auna kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, muka sani. A ce ya kai talatin da wani abu, sai hankali ya kwanta. Amma wannan adadin jinin da ke yawo kawai yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya rage a rumbu. Sinadarin ayon, wanda jiki ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini da shi, ana ajiye shi ne a hanta da ɓargo, kuma gwajin feritin ne ke nuna yawan ajiyar. Rumbu na iya zama fanko alhali jinin bai sauka ba tukuna, mutum na fama da kasala da zubar gashi da ciwon kai ana ce masa lafiyarsa ƙalau.

Shi kansa feritin yana yaudara. Duk lokacin da akwai kumburi a jiki yakan hau, ko da ayon ɗin babu. Ga wanda ciwonsa ya lafa, ƙasa da 30 shi ne ƙaranci; ga wanda hanjinsa ke kumbure kuwa, ko ya kai 100 yana iya zama ƙaranci ne. Na ƙanwata ya fito a tsakanin nan, muka yi murna, sai likitan ya ɗora yatsa a kan layi na gaba, na CRP, gwajin da ke nuna kumburi a jiki, ya ce, "Malama, dubi CRP ɗinki, kumburi ne ya ɗaga wannan lamba, rumbunki babu komai." Don haka a roƙi a haɗa gwaje-gwajen tare: cikakken ƙidayar jini, feritin, CRP, da wanda ke nuna kaso nawa na ayon ke cikin jini a shirye don aiki, wanda idan ya gaza kashi 20 cikin ɗari alama ce ta ƙaranci.

Daga nan sai kuskuren da soyayya ke jawowa. Ana jin an ce jini ya yi ƙasa, gida zai cika da hanta, zogale, alayyahu, zoɓo, lemon malt da madarar gwangwani, ga kwalaben maganin ƙarin jini daga kemis. Mahaifiyarmu kullum da safe sai ta gasa hanta ta tsaya a kanta har ta cinye. Abinci mai kyau yana da amfani, ban hana ba, amma ba ya cike ramin da ake haƙawa kullum. Gyambon na zubar da jini, sannan jiki da kansa ya rufe ƙofa. Idan akwai kumburi, hanta na fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, aikinsa kamar mai gadi ne: yana hana ayon tsallakawa daga hanji zuwa cikin jini, yana kuma kulle wanda ke ajiye. Duk abin da aka ci sai ya wuce. Saboda haka maganin kumburin wani ɓangare ne na maganin jinin, kuma wanda ya ajiye magungunan hanjinsa don ya ji sauƙi ya koma kan tonik ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga wanda ciwonsa ya lafa kuma ƙarancin bai yi tsanani ba, ƙwayar ayon na aiki, irin jar ƙwayar nan da ake ba mata a wajen awo. Kuskuren shi ne zaton yawan sha ne saurin warkewa. Ƙwaya mai miligiram 200 tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na ainihin ayon, kuma ga mai kumburin hanji ba a son a wuce 100 a rana. Hanji kaɗan yake ɗauka, ragowar ta sauka kan gyambon ta jawo tashin zuciya da murɗa da gudawa ko taurin bayan gida. Bugu da ƙari, kowace ƙwaya da aka sha tana tayar da mai gadin nan har kusan kwana guda, shi ya sa likitoci da dama yanzu ke cewa ɗaya a rana, ko ma a sha yau a tsallake gobe.

Sai kuma abin da ake haɗiye ta da shi. Shayi na hana ayon shiga jiki, haka gahawa, madara, fura da nono, da magungunan olsa masu kashe tsamin ciki. A bar tazarar awa biyu, a sha da ruwa ko ruwan lemon zaƙi. Mai cin farar ƙasa ya sani cewa kwaɗayinta alama ce ta ƙarancin, ita kuma tana ƙara shi.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda ya zama baƙi ƙirin mai yauƙi da ɗoyi, musamman tare da jiri, shi ne jini, a tafi asibiti a ranar. Kuma a gwada bayan wata guda: idan himoglobin bai ƙaru da kimanin 2 ba, a koma wajen likita maimakon ƙara kwalba.

Abin da ya ceci ƙanwata ayon ta jijiya ne, wanda muka yi ta gudu. Da aka ambace shi mahaifiyarmu ta fashe da kuka, ta ɗauka ƙarin jini za a yi. Ba shi ba ne. Ruwa ne mai launin ƙasa-ƙasa da ake sawa kamar ƙarin ruwa, a zauna a ƙarƙashin kulawa na ɗan lokaci a koma gida. Yana tsallake hanjin gaba ɗaya, don haka shi ake fara zaɓa idan ciwon na tashe, ko himoglobin ya gaza 10, ko ƙwaya ta gagara. A asibiti kawai ake yin sa, saboda wani lokaci jiki kan ƙi shi. Akwai tsada, ban ɓoye ba, amma da muka lissafa kuɗin tonik na watannin baya sai muka yi shiru. Allurar ayon a ɗuwawu da wasu ke yi a kemis an daina ba da shawararta: tana da zafi, tana ɓata fata. Ƙarin jini kuwa na halin gaggawa ne, galibi idan himoglobin ya gaza 7, kuma ko an yi shi rumbun na nan yana jiran a cika.

Ba kowane ƙarancin jini ne na ayon ba. Wanda cutar Kuron ta kama ƙarshen ƙaramin hanjinsa, ko aka yanke wurin, yakan rasa bitamin B12. Cikin magungunan kumburin hanji, salfasalazin da metotireksat na rage folik asid, azatiyofirin na iya danne ɓargo. Mai sikila kada ya taɓa ayon sai gwaji ya nuna yana buƙata. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak kuma suna iya tayar da ciwon su ƙara zubar jini. Farasitamol ya fi aminci.

Da ƙarfinta ya dawo ta ce min, "Yaya, ai na warke, gwajin nan ɓarnar kuɗi ne." Jini yakan dawo kafin rumbu ya cika, shi ya sa mai shan ƙwaya ke ci gaba kamar wata uku bayan haka, kuma ake sake gwaji duk wata uku har shekara. Idan feritin ya sake faɗuwa da sauri alhali babu gudawa, sau da yawa kumburin ne ke ci a ɓoye. Nata ya faɗi a wata na shida, aka sake leƙa hanjin, aka canza mata magani. Yanzu tana da ƙaramin littafi a jakarta, kowane shafi da kwanan wata da lambobi uku: himoglobin, feritin, CRP.