Origin, Source ko Beginning: Yadda Za Ka San Wadda Ta Dace

Kalmomin Turanci da ke nufin mafarin abu ko tushensa suna da yawa, kuma ƙaramin ƙamus ba ya raba gardama a kansu. Ka nemi origin ya ce maka source, ka juya ka nemi source ya mayar da kai origin. Ina koyar da Turanci da yamma a Tudun Wada da ke Kaduna, ga masu shirin WAEC da NECO, kuma tuni na daina sa ɗalibaina haddar ma'ana. Tambayoyi nake ba su, su yi wa abin da suke son faɗa kafin su ɗora biro a takarda.

Ta farko ita ce: maganar lokaci kake yi? In abin da ke bakinka farkon wata ne, ko farkon zangon karatu, ko farkon azumi, to beginning ce ko start, kuma a mafi yawan wurare duk wadda ka ɗauka ta yi. Inda suke rabuwa shi ne wajen inji. Idan aka ɗauke wuta za ka tayar da janareta, start the generator ake cewa, babu mai cewa begin. Haka mota, haka keke napep. Mai buɗe shago a Kasuwar Barci ma, he started a business za ka rubuta. Sai a kula da abu biyu. Beginning tana da n biyu a tsakiya, kuma a jarrabawar WAEC kowane kuskuren rubutu irin wannan rabin maki yake ci. Sannan in za ka ambaci abin da ake magana a kan farkonsa, at the beginning of the term za ka ce. Ita kuwa in the beginning ita kaɗai take tsayawa, ba a jona mata of.

Wannan mai sauƙi ne. Inda gumi yake shi ne tsakanin source da origin, domin mu duka biyun muna iya ce musu tushe ko asali.

Ga tambaya ta biyu, gwajin da nake amfani da shi: in aka toshe wurin, abin zai daina zuwa? In zai daina, source ce. Ɗauki kogin Kaduna, wanda muke ƙetarewa kullum in za mu Barnawa ko Kakuri. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garin nan, ya gangara har ya haɗu da Kwara a ƙasar Nupe. Can inda yake ɓuɓɓugowa shi ne the source of the river, kuma har gobe daga can ruwan yake zuwa. Madatsar Shiroro da aka gina a kan wannan kogin a jihar Neja kuwa source of electricity ce. Rijiyar burtsatsen unguwarku source of water ce. In ka je buɗe asusu a banki suka miƙo maka fom, za ka ga layin source of income: tambayarsu ita ce ta ina kuɗi ke shigo maka a yanzu, albashi ne, ɗinki ne, ko sayar da hatsi. Ranar da aka rufe shagon, kuɗin sun tsaya. Ka ga gwajin ya yi aiki.

'Yan jarida ma haka. Abin da ake ce wa majiya a labaran rediyo, source ce. “Majiya mai tushe” kuwa a reliable source ce, kada ganin kalmar tushe ya sa ka je ka ɗauko root.

Origin ba ta toshuwa, don abin ya riga ya faru, ya wuce, ya zama tarihi. Sunan garin nan misali ne a hannu. An fi cewa daga kadduna ya samo asali, jam'in kada, saboda yawansu a kogin a da, wasu kuma suna danganta shi da harshen Gbagyi. Ko wanne ka bi, the origin of the name kake magana a kai. Yau sai ka daɗe kana bin bakin kogin ba ka ga kada ba, amma sunan yana nan daram. Da source ce, da ya tafi tare da su.

Shi ya sa fom ɗin makaranta da na neman aiki suke cewa state of origin. Wata ɗalibata ta taɓa ɗaga hannu ta ce, “Malam, ni fa a Rigasa aka haife ni, ban taɓa kwana a garin babanmu ba, me zan rubuta?” Na ce mata Rigasa da Kaduna su tafi layin place of birth, shi kuwa wancan layin asalin mahaifi yake nema, kamar yadda aka saba a ƙasar nan. Mahaifinta mutumin Funtua ne, don haka Katsina za ta rubuta, duk da cewa kafin 1987, lokacin da aka cire jihar Katsina, Funtua ɗin ma a cikin jihar Kaduna take. Ko tsarin ya yi adalci ga wanda aka haifa a nan ya girma a nan, wannan wata maganar ce, ba ta ajin Turanci ba. Ita dai kalmar ta zauna daidai.

Akwai inda duka biyun suke shiga, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Jita-jita ta bazu a WhatsApp. In ka ce the source of the rumour, mutumin da ya sako ta kake nema, wanda za a iya kira a ce ya daina. In ka ce its origin, kana son jin yadda aka yi ta fara ne tun can baya.

Tambaya ta uku: me ya jawo? Nan ba origin ba ce, ba source ba ce, cause ce, wato musabbabi. Gobara ta tashi a kasuwa, the cause of the fire ake bincike. Root kuma saiwa ce, abin da ke binne wanda ba a gani sai an tona, shi ya sa ake haɗa su a ce root cause idan ana nufin ainihin abin da ke ƙarƙashin matsala. In ka sa mata s ta zama roots, ta koma maganar dangi da inda kakanni suka fito.

Saura manyan kalmomi, masu burge yara. Onset ta abin da ke saukar wa mutane ce ba da shawararsu ba: zazzaɓi, hunturu, damina. Masu hasashen yanayi na NiMet da ita suke faɗin lokacin faɗuwar damina. Outset kusan ba ta fita sai da rakiya, at the outset ko from the outset, ma'ana tun daga farko. Harafi kaɗan ne ya raba su, amma ba a musanya su. Inception ta hukuma ce ko makaranta ko kamfani: NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke nan Kaduna, since its inception in 1964. Ba a faɗa wa mutum, ba a faɗa wa kogi. Commence kuwa begin ce ta sa babbar riga. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya fara ɗaukar fasinja a 2016, jaridu suka rubuta commenced operations, ba su yi laifi ba, amma started ma ta isar. A wasiƙar neman aiki ka iya sa ta, a wasiƙar aboki kada ka soma. Genesis kuma, wadda marubutan jaridunmu ba sa iya ambatar rikici ba tare da ita ba, shawarata ka bar musu kayansu. Ban ga jimlar ɗan sakandare da origin za ta kasa ɗauka ba.

Wani tarkon kuma na kunne ne. A bakin mutanen Ingila source da sauce furucinsu ɗaya, mu ma haka muke faɗa, sai ka tarar yaro ya rubuta sauce of income, ya mayar da hanyar samun kuɗinsa miya. Resource ma daban take: ita ce dukiyar ko kayan aikin da kake da su a hannu, source kuwa inda suka fito.

Aikin gida da nake bayarwa bayan wannan darasi ba ya wuce jimla huɗu, duka a kan unguwar da ɗalibi yake zaune: yaushe aka fara zama a cikinta, daga ina suke samun ruwa, ina sunanta ya samo asali, me ke jawo ambaliya ko cunkoso a layinsu. Wanda bai san asalin sunan unguwarsu ba ya je ya tambayi dattawan masallaci bayan la'asar. Wanda kuma ya rubuto min cewa 'yan garuwa ne origin ɗin ruwan gidansu, sai ya sake jimlar a gaban allo.