Yadda Ake Saye da Sayar da Tsofaffin Wasannin Kwamfuta Masu Kwali

A shekarun 1980 da 1990, cikin manyan kwalaye ake sayar da wasannin kwamfuta a Amurka da Turai. Yau masu tara su kwalin da tarkacen cikinsa suke biya wa kuɗi.

Kafin ka taya, sa mai kaya ya zazzage komai ya ɗauko hoto. Wasan Ultima IV na 1985 ya zo da taswirar ƙyalle da ɗan ƙarfe mai siffar ankh (alamar tsohuwar Masar, kamar gicciye mai zobe a sama), The Secret of Monkey Island na 1990 kuma da faifan takarda mai juyawa wanda sai da shi ake shiga wasan. Ɗaya ya ɓace, farashi ya faɗi warwas. Ƙirga fayafayan floppy (fayafayan kwamfuta na da waɗanda wasan ke ciki), na inci 5.25 ne ko 3.5, ka tabbata lambobinsu sun bi juna. Haska cikin faifan: farin tabo fumfuna ce, tana ɓata na'urar karantawa.

Kada ledar da aka naɗe kwalin da ita ta ruɗe ka ka ɗauka sabo ne, shaguna sun sha sake naɗe kayan da aka dawo musu da su.

Wajen sa kuɗi, duba abin da aka riga aka sayar a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, domin kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama. Bugun farko ya fi bugun araha na baya daraja, kwalin da rana ta koɗar kuwa ragi ne.

In za ka aika, cusa takarda cikin kwalin wasan kada ya lotse, ka saka shi cikin wani kwalin da tazarar santimita 5 ta kowane gefe. Salatif kada ya taɓa kwalin wasan.