Gilashin Mota a Ingila: Abin da Sabon Zuwa daga Katsina Ya Kamata Ya Sani

Mutanenmu Katsinawa da Daurawa ba su da wasa wajen neman na kai, shekara ɗaya da sauka za ka ga mutum ya yi mota. Sai dai da yawa suna zuwa da halin gida. A Katsina in tsakuwa ta tsaga gilashi a hanyar Daura, mutum ya yi shekara biyu yana yawo da shi, in ta tsananta a aika Ƙofar Ruwa a Kano a samo na hannu, a liƙa. A Ingila wannan ba ya yiwuwa.

Motar da ta kai shekara 3 sai ta bi gwajin lafiyar mota da ake kira MOT duk shekara. Tabon da ya wuce milimita 10 a gaban direba, wato cikin faɗin milimita 290 daidai sitiyari, ya isa a kayar da mota a gwajin. A sauran wurin da waifa ke sharewa, iyakar milimita 40 ce.

Ƙaramin tabo ana cike shi da wani irin gam cikin kamar rabin awa, kuma da yawan kamfanonin inshora kuɗi kaɗan suke karɓa a kai. Amma in ka bar shi, sanyin dare da zafin hita za su ja shi ya zama doguwar tsaga. Kuma don Allah kada a zuba tafasasshen ruwa a gilashin da ya yi ƙanƙara da asuba, yana iya darewa nan take.

Sabon gilashin gaba na ƙaramar mota yakan ci fam ɗari biyu zuwa biyar. Motar da ke da kyamara a bayan madubin tsakiya, mai lura da layin titi da taka birki da kanta, gilashinta yana iya haura fam dubu, don sai an sake saita kyamarar bayan an sa gilashin. Wanda ya ce maka zai yi da araha, tambaye shi ko da saitin a ciki. Gilashin baya kuwa ba ya gyaruwa. Na gaba falle biyu ne da roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa ya tsaya. Na baya ruguzewa yake yi kamar tsakin gero, ga wayoyin hita a jikinsa, wani har da eriyar rediyo, dole a sake shi ɗungurungum.

Inda aka fi shan wuya shi ne takardar inshora. Sabon zuwa yakan zaɓi irin wadda ya saba da ita a gida, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna kawai. Wannan ba ruwanta da gilashinka, ko sisi. Cikakkiyar inshora ce ke ɗauke da gilashi, ita ma ba kowace ba, wasu masu arha sun cire shi. Abin haushi, sau da yawa cikakkiyar ba ta fi waccan tsada ba, mutum bai gwada farashin ba ne kawai. Buɗe takardar ka nemi kalmar excess a sashen gilashi: shi ne kason da za ka biya daga aljihunka, galibi kusan fam ɗari in canji ne. Sannan kada ka kira mai gyara kafin ka kira kamfanin inshorar. Kowane kamfani yana da masu gyaran da ya amince da su, irin su Autoglass, in ka kai wani wuri daban sai su rage abin da za su biya ko su ƙara maka kaso. Ka kuma tambaya ko kuɗin gilashi zai taɓa rangwamen rashin haɗari, wato ragin da ake yi maka in ka yi shekara ba ka nemi inshora ta biya ba. Yawanci ba ya taɓawa, amma ka ji daga bakinsu. In ɓarayi ne suka fasa, fara sanar da 'yan sanda ka karɓi lambar rahoto.

Ba masu gyaran lambar motar daidai, don mota iri ɗaya tana iya zuwa da gilashi daban-daban. Bayan an sa, jira lokacin da mai aikin ya faɗa kafin ka tuƙa, galibi awa ɗaya. Kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a kai ta wankin inji sai bayan kwana biyu.